Yadda za ka koyi binciken sauron da ya daina jin magani a Sudan

Duk damina sai ka ji maganar nan a Mai Wurno, a Gadarif, a Damazin da ƙauyukan Jazira: an yi feshi, an raba gidan sauro, amma sauro bai ragu ba. Wasu su ce maganin jabu ne, wasu su ce masu feshin ne suka tsarma shi da ruwa. Ta yiwu haka ne. Ta yiwu kuma sauron ne ya daina jin maganin, ba kuwa a raba waɗannan da zato, sai da gwaji. Wannan rubutu naka ne, ƙanena ko ƙanwata da ka karanta kiwon lafiyar jama'a, ko ilimin halittu, ko aikin awo, kana neman fannin da za ka tsaya a kai. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne ƙwarewar nan a hannu take farawa, da ludayi da bututu da littafin rubutu. Na'urorin tsada suna zuwa daga baya, kuma ba su gyara aikin da aka ɓata tun daga bakin kududdufi.

Fara da sanin sauron da ƙasar

Babban mai yaɗa maleriya a Sudan shi ne Anopheles arabiensis. Yana son ruwa marar zurfi wanda rana ke duka: kududdufin damina, sawun shanu a bakin kogi, yoyon famfo, ramin masu buga tubali, da ƙananan magudanan gona irin su abu ishirin na Jazira. Bayan da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, ruwa da maganin ƙwari suka haɗu a wuri ɗaya, shekara da shekaru. Maganin da aka fesa wa auduga yana gangarawa inda tsutsar sauro take, masu rauni su mutu, masu ƙarfi su hayayyafa. Shi ya sa matsalar ta daɗe a nan. An ga sauro ya jure DDT tun cikin shekarun 1970, ya jure malathion daga baya, sannan ya jure magungunan dangin pyrethroid, waɗanda su ne ake saka wa gidan sauro, har aka koma feshin bendiocarb a gidajen Jazira.

Ga kuma baƙo, Anopheles stephensi, sauron Asiya wanda aka gani a Jibuti a 2012, aka gano shi a Sudan cikin samfuran 2016, ya kai Nijeriya a 2020. Shi a tankin siminti da durom da ma'ajin ruwan gida yake haihuwa, don haka birni bai fi ƙarfinsa ba, rani ma bai hana shi.

Ka haddace dangogin magani, domin da su ake magana a wannan fanni: pyrethroid irin su deltamethrin da permethrin, carbamate irin bendiocarb, organophosphate irin malathion da pirimiphos-methyl, sai tsohon DDT, sai sababbin shigowa irin su chlorfenapyr da clothianidin. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 kan sa ido a juriyar magani kyauta ne a intanet. Sauke shi a wayarka ranar da ka samu layi mai kyau, ka karanta shi da ƙamus a gefe idan da Larabci ka yi karatu. Turancinsa ba mai wuya ba ne, maimaita kalmomi ne.

Nemi wanda za ka tsaya a bayansa

Ba a koyon wannan aiki daga takarda kaɗai. Cibiyar Blue Nile ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ta daɗe tana horar da masu ilimin ƙwarin cuta, akwai kuma Cibiyar Cututtukan Yanki ta Jami'ar Khartum, da sashen yaƙi da maleriya na ma'aikatar lafiya a kowace jiha. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ma'aikata da kayan aiki da yawa, to amma mutanen suna nan, wasu a Kassala, wasu a Bur Sudan, wasu sun koma gida. Je ofishin maleriya na jiharka ka ce kana son ka riƙa bin masu binciken ƙwari, ko da ɗaukar kaya ne. Damina guda a bayan gwani ta fi maka kwas ɗin intanet goma.

Kada ka fita daji ba takardar izini daga ma'aikatar lafiya. A halin da ake ciki, mutum da waya yana ɗaukar hoton magudanan ruwa yana rubuta lambobin wuri zai iya jawo wa kansa tuhuma. Takarda a aljihu, sannan gaisuwa wurin mai gari ko shehin unguwa kafin ka taɓa ruwan kowa.

Kamun tsutsa

Kayan ba su da yawa: farin ludayi mai dogon mariƙi, farin faranti, bututun ɗiga ruwa, robobi masu murfi, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, takalmin roba, da akwatin sanyi. Takalmin ba ado ba ne, ruwan magudanan Jazira akwai tsargiya.

Ka tunkari ruwan rana tana gabanka, don kada inuwarka ta faɗa kansa. Da inuwa ta gitta, tsutsar za ta nutse, sai ka jira minti ɗaya ko biyu ta taso. Karkata ludayin ka shafi saman ruwan a hankali ta gefen ciyawa, kada ka nutsa shi. Duba abin da ka ɗebo. Tsutsar Anopheles kwance take a miƙe daidai da fuskar ruwa, ba ta da bututun numfashi a wutsiya. Ta Culex tana rataye ne kai a ƙasa, da dogon bututu a wutsiya. Wadda ta kusa zama sauro za ka gan ta a dunƙule kamar waƙafi, tana wuntsilawa. Ware Anopheles da bututun ɗiga, ka zubar da ƙwarin ruwa masu cin tsutsa, in ba haka ba kafin ka isa gida sun rage maka rabi.

Ga inda sababbi suke yawan tuntuɓe. Mutum ya samu kududdufi ɗaya cike da tsutsa, ya cika robobinsa, ya koma yana murna. Mai yiwuwa duk 'ya'yan uwa ɗaya ko biyu ne, sakamakonsu kuwa labarin gida ɗaya zai ba ka, ba na gari ba. Ka ɗebo daga wurare da yawa a kewayen garin, kowace roba da sunan wuri, kwanan wata, irin ruwan, da lambar taswira ta waya. A birni ka leƙa tankuna da durom saboda stephensi.

Kuma ka yi hira da manomin da ka tarar. A nan Hausarka take maka rana, musamman a kanabi, sansanonin ma'aikatan gona inda mutanenmu suke da yawa. Ka ce, "Baba, sannu da aiki. Wane magani kuke fesa wa tumatirin nan? Ko kwalbar tana kusa in gani?" Sau da yawa zai ce, "Ga ta can gindin bishiya, yaro, ɗauko." Ɗauki hoton takardar jikin kwalbar, ka rubuta sunan sinadarin da ke ciki, ba sunan kasuwa kaɗai ba, ka tambayi sau nawa ake fesawa. Wannan bayani shi ne zai fassara maka sakamakon da za ka samu, kuma rahotanni da yawa ba su da shi.

Raino

Zuba tsutsar a faranti da ruwan da ka ɗebo ta a ciki, ko ruwan da ba sinadarin kulorin, kada su cunkushe. Garin abincin kifi ɗan kaɗan ya isa, in ya yi yawa ruwan zai yi yauƙi su mutu. Kowace safiya ka tsince masu siffar waƙafi ka sa su a kofi cikin keji mai raga, ka rubuta ranar. Da sun fito, ka ɗora musu auduga jiƙe da ruwan sukari, kashi 10 cikin ɗari. Kejin kowace rana daban, saboda shekarun sauro suna canza yadda yake jin magani: tsoho ya fi saurin mutuwa. Ƙa'ida ita ce mata, 'yan kwana 3 zuwa 5, waɗanda ba su taɓa shan jini ba. Namiji ana gane shi da gashin kai mai yawa kamar buroshi.

Zafinmu shi ne babban abokin gaba. Ana son ɗaki ya tsaya wajen digiri 27, sama ko ƙasa da 2, da danshi wajen kashi 75. Inda wuta ba tabbas, jiƙaƙƙen tawul a kan keji, ɗaki mai kaurin bango, da randar ruwa a kusa suna taimakawa ƙwarai. Sa ƙafafun tebur cikin gwangwanin ruwa saboda tururuwa. Kada wanda ya kunna maganin sauro ko ya fesa turare ya shigo ɗakin. Sayi ɗan ma'aunin zafi da danshi tun kafin ka sayi wani abu.

Gwajin bututu, zuciyar aikin

Kayan gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya bututun roba ne da takardu masu faɗin santimita 12 da 15 da aka jiƙa da magani a ma'aunin da aka ƙayyade. Daga Jami'ar Sains Malaysia ake samo su, ta hannun ma'aikatar lafiya. Ma'aunin deltamethrin 0.05 ne cikin ɗari, permethrin 0.75, bendiocarb 0.1, malathion 5, DDT 4. Duba ranar ƙarewar takarda, ka ajiye ta a firij cikin kwalinta, kada ka yi amfani da guda fiye da sau 6. Takardar da ta sha zafi za ta sa sauro mai jin magani ya bayyana kamar mai juriya, kai kuma ka tayar da hankalin jiha a banza.

Kowane magani yana bukatar sauro mata wajen 150: bututu huɗu na magani, kowanne 25, da bututu biyu na shaida, wato masu takarda mai mai kawai ba magani. Bututun ajiya ɗigon kore ne a jikinsa, na magani ja, na shaida rawaya.

Da bututun tsotso za ka ɗebi sauron daga keji, kaɗan-kaɗan, ka hura su cikin bututun ajiya a hankali. Wannan hannu sai an koya. In ka tsotsa da ƙarfi za ka karya musu ƙafa da fiffike, gobe su mutu ka ɗora wa magani. Ka yi ta gwadawa da sauron da ba na gwaji ba har sai ka iya kwashe 25 ba wanda ya ji rauni. Bar su awa ɗaya a tsaye a bututun ajiya, ka cire duk wanda ya nuna rauni. Sa safar hannu, naɗa takardar magani cikin jan bututu, ka danne ta da zoben waya. Haɗa bututun biyu, zare marfin tsakiya, hura sauron su wuce, rufe, cire na ajiya. Tsayar da bututun raga tana sama, a wurin da haske bai yi yawa ba, ka duba agogo: minti 60 cif. Ka fara da na shaida kafin ka taɓa takardar magani. In bututun shida ne, ka bar minti biyu tsakanin kowanne, ka rubuta lokacin kowanne daban, don kada na ƙarshe ya yi gajeren zama.

Da awa ta cika, ƙirga waɗanda suka faɗi, ka mayar da duka bututun ajiya, ka ɗora audugar sukari a kan raga, ka ajiye su wuri mai inuwa da danshi awa 24. Washegari a daidai lokacin ka ƙirga. Wanda yake iya tashi rayayye ne ko da ƙafa uku ta rage masa. Wanda ba ya iya tsayuwa ko tashi, ko yana motsi, matacce ake lissafa shi. Kada ka yanke hukunci da faɗuwar awa ɗaya, domin da pyrethroid sau da yawa za ka ga sun zube, da safe ka tarar da su manne a raga garau.

Yanzu lissafi, kuma da shaida ake farawa. In mutuwar shaida ba ta kai kashi 5 ba, ɗauki sakamakon yadda yake. In ta haura kashi 20, gwajin ya lalace, a sake. Na san zafin wannan, mako biyu na aiki ne, amma babu wata hanya. In tana tsakanin 5 da 20, sai a gyara da ƙa'idar Abbott. A ce cikin 100 na magani 82 sun mutu, cikin 50 na shaida 4 sun mutu, wato kashi 8. Cire 8 daga 82, saura 74. Cire 8 daga 100, saura 92. Raba 74 da 92 ka ninka da 100, ka samu kashi 80.4. Fassarar kuwa: kashi 98 zuwa sama, sauro yana jin magani. Daga 90 zuwa 97, akwai shakka, a maimaita. Ƙasa da 90, juriya ta tabbata. A misalinmu ta tabbata.

In kana da hanyar samun sauron ɗakin gwaji wanda aka san yana jin magani, irin zuriyar Kisumu ko ta Dongola, wadda asalinta daga arewacin Sudan ne, gwada takardunka a kansu. In ba su mutu ba, laifin takarda ne.

Bayan an gama, jiƙa bututun cikin ruwan sabulu ya kwana, ka ɗauraye sosai, ka shanya a inuwa. Tsohuwar takardar magani ba ta shiga kwandon shara inda yara ko awaki za su kai gare ta.

Daga "akwai juriya" zuwa "yaya ƙarfinta, me ya kawo ta"

Mai tsara shirin feshi ba zai wadatu da jin cewa akwai juriya ba. Sai ka maimaita gwajin da takarda mai ninki 5 na ma'auni, in har yanzu mutuwa ba ta kai 98 ba ka hau ninki 10. Wannan ne ke nuna ko juriyar mai sauƙi ce, matsakaiciya, ko mai tsanani.

Sai gwajin PBO, wanda a ganina ya fi kowanne amfani ga jiha mai ƙaramin ƙarfi. Wani sauron yana da sinadaran jiki da ake kira P450 masu narkar da maganin kafin ya kashe shi, PBO kuwa wani sinadari ne da yake toshe su. Sai ka sa rukuni ɗaya awa guda a takardar PBO mai kashi 4, sannan awa guda a pyrethroid, ka kwatanta da rukunin da ya sha pyrethroid kaɗai, da na PBO kaɗai, da na shaida. In mutuwa ta dawo sama sosai, ka samu hujjar cewa gidan sauro mai PBO zai fi na gama-gari aiki a wurin. Chlorfenapyr da clothianidin kuwa da kwalba ake gwada su, ba da takarda ba, kuma chlorfenapyr sai an jira awa 72 kafin ƙirga. Ka koyi wannan ma, tunda a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gidan sauro mai haɗin pyrethroid da chlorfenapyr a wuraren da juriya ta yi ƙarfi.

Kada ka zubar da sauron da ka gwada. Duba kowanne a madubin awo da jagorar tantancewa ta Maureen Coetzee ta 2020, wadda ta haɗa da stephensi. Sannan kowane sauro ya shiga 'yar robarsa da ƙwayoyin silika masu shanye danshi da ɗan auduga a tsakani, da lamba, da alamar ko ya mutu ko ya rayu. Matattu daban, rayayyu daban. A haka zai yi watanni ba firij. Ranar da ka samu ɗakin gwajin PCR, wato gwajin ƙwayoyin gado, a Sudan ko a waje, da su za a tabbatar arabiensis ne, tunda ido ba ya raba shi da 'yan'uwansa na dangin gambiae, kuma a nemi canjin gado da ake kira kdr. Wannan canji yana sauya wurin da DDT da pyrethroid suke kamawa a jijiyar sauro, shi ya sa wanda ya jure ɗaya yakan jure ɗayan. An samu nau'insa L1014F a sauron tsakiya da gabashin Sudan. Akwai kuma canjin gado na Ace-1 mai alaƙa da juriyar carbamate da organophosphate. In binciken zai kai ga auna aikin P450 a matakin RNA, silika ba ta isa ba, sai ruwan adana na musamman ko ƙanƙara mai tsanani, don haka ka tambayi ɗakin gwajin tun kafin ka fita kamu.

Littafi, kwamfuta, da bakin da za ka yi magana da shi

Rubuta komai a take da biro a littafi mai ɗaurarren bango: zafi da danshi a farko da ƙarshe, lambar takarda, sau nawa aka yi amfani da ita, adadin kowane bututu daban. Gwajin da ya lalace ma a rubuta shi da dalilinsa. Da yamma ka ɗauki hoton shafin ka tura wa kanka da wani amintacce a wani gari. Wanda ya ga yadda aka yi asarar bayanan shekaru a Khartum da Wad Madani ba sai an roƙe shi ba. A kwamfuta, layi ɗaya bututu ɗaya. Fara da Excel, sannan ka koyi R, manhajar lissafin alƙaluma ce kuma kyauta, da manhajar QGIS don taswira. Ka koyi fitar da iyakar tabbaci ta kashi 95, domin kashi 80 daga sauro 100 da kashi 80 daga sauro 20 ba nauyinsu ɗaya ba. Taswirar barazanar maleriya ta Hukumar Lafiya ta Duniya tana intanet, ka duba ka ga inda aka taɓa gwaji a jiharka da inda ba a taɓa ba. Wurin da ba a taɓa gwaji ba, nan ne tambayarka ta digiri na biyu take, kuma da irin wannan tambaya ake neman tallafin TDR, shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Hukumar Lafiya ta Duniya, ko shiga ƙungiyar PAMCA ta masu yaƙi da sauro a Afirka.

Rahoton farko na ofishin maleriya ne, shafi biyu da Larabci: ina, yaushe, wane magani, kashi nawa, me kake ba da shawara. Mujalla ta biyo baya. Sannan ka koma garin da ka ɗebo tsutsa ka gaya musu abin da ka gani, amma ka auna harshenka. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe biyar, Sudan da Benin da Kamaru da Kenya da Indiya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna masu kwana cikin gidan sauro sun fi samun kariya ko a wuraren da ake da juriya. A Gallabat ta jihar Gadarif kuma, ɓangaren Sudan na aikin ya nuna ƙara feshin bendiocarb a kan gidan sauro ya rage cutar fiye da ƙara feshin deltamethrin. Saboda haka in wata uwa ta tambaye ka, ka ce mata, "Inna, a ci gaba da sa yara cikin gidan sauro kowane dare, a ɗinke inda ya yage. Abin da muka gano na hukuma ne, don ta san irin wanda za ta kawo nan gaba."

Juriya tana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka zaɓi garuruwa biyu ko uku da za ka iya kaiwa lafiya, ka riƙa komawa a wata ɗaya kowace shekara, wajen ƙarshen damina lokacin da tsutsa ta fi yawa, da magungunan da ka gwada bara da duk sabon da aka shigo da shi. Ka nemi takardun gwajin tun watanni kafin ruwan farko, domin isowarsu tana ɗaukar lokaci, kuma ka tafi da mutum ɗaya da kake koya wa riƙon ludayi da bututun tsotso.